Allon Da Inna Gado Ta Wanke

Ranar wata Laraba ce cikin damina, a shekarar da na cika sha shida. Lissafin shekaruna ba ya ba ni wahala, domin ni da jihar Kebbi sa'annin juna ne. Na dawo daga kai abinci fadamar shinkafa, ƙafafuna duk laka, na tarar da kakata Inna Gado zaune da ƙwarya a gabanta, allona jingine da bango yana ɗigar ruwa.

Malaminmu na kimiyya ne ya samo mini gurbi a wani kwas na ilimin taurari da za a yi a dogon hutu. Sharaɗin shi ne kowa ya zo da kwamfutar hannu, a cikinta da ɗan shirin da ya rubuta da kansa mai lissafa kwanakin wata, wanda nasa bai yi aiki ba kuma ya koma gida. Kawuna mai fatauci ya samo mini wata tsohuwa daga ƙasar Benin, batirinta ba ya kai awa guda. Mu kuwa a Kende muke, caji sai an hau babur zuwa shagon wani Bayarabe mai janareta a Bagudo. Saboda haka na daina kunna ta barkatai. Na samu wani allo da ba a taɓa karatu da shi ba, tsakanin daka da ɗibar ruwa nake tsara umarnin layi-layi da tawada, in goge kuskure da yawu. Mako uku na yi kafin ya cika ciki da bai. Washegari zan kwafe shi a kwamfuta, jibi tafiya.

Inna idonta ya yi yana. Ta ga allo cike da rubutu, ga jika za ta yi tafiya, sai ta yi abin da ta sani.

"Mi kike kallo?" in ji ta. "Amshi ki shanye, har zuma na sa miki."

Na ji kamar in kurma ihu, amma wa zai yi wa Inna tsawa? Na durƙusa na shanye tas, hawaye na gangarowa cikin ƙwaryar. Ta ɗauka daɗi ne ya sa ni kuka.

Da safe na zauna a bencin shagon, janareta na ruri, na kunna kwamfutar. Layin farko ya zo, na biyu ya biyo shi. Ashe yawan gogewa da sakewa ya zaunar da abin a kaina. Sau biyu shirin ya ƙi, a na uku ya nuna kwanan watan daidai.

Yau ni ke koya wa ɗalibai wannan aiki, wuta ba ta yanke musu, kuskure kuma na'ura ke nuna musu shi. Har Inna ta rasu tana gaya wa mutane rubutunta ne ya kai ni. Ban taɓa musa mata ba, kuma da za ta sake miƙo mini ƙwaryar nan, da hannu biyu zan karɓa.