Jan Zare da Shuɗi

Shekara talatin ina aikin wuyan riga a wata rumfa a unguwar New Bell, kuma ban taɓa yarda wani ya gyara mini ɗinki ba. Ina da baki, ina da zafin kai, kowa a layinmu ya sani.

Babbar 'yata idonta ya fara dushewa tun tana firamare, kafin ta shiga lise, wato babbar sakandare, ya rufe gaba ɗaya. Kai kam Allah ya ba ta, abin da aka faɗa sau ɗaya ya zauna ke nan. Ajin kimiyya take so. Malaminsu kuwa, wani Bafulatani mai sanyin hali, ya ce darasin duk zane ne, gara ta tafi ajin adabi. Na je makarantar na yi ta zuba masa hayaniya har ya gaji, ya yago mini shafi guda mai hoton zuciyar ɗan Adam.

"Bon, shi ke nan, Alhaji," ya ce, "na ba ku sati biyu. In ta nuna mini hanyar jini da hannunta, na karɓe ta. In ta kasa, kar ka sake zuwa."

A hoton, jijiyoyin da ke ɗauke da jinin da ya sha iska a huhu jajaye ne, sauran shuɗaye. Na ce ai wannan aikina ne. Na shiga kasuwar Nkololoun na sayo zaren siliki ja da shuɗi, na ajiye rigunan mutane, na ɗinka zuciyar a kan farar shadda, kowace jijiya ta taso yadda yatsa zai bi ta. Aikin ya fito tsaf, har teloli suna leƙowa kallo, ni kuma ina ta hura hanci.

Kullum bayan la'asar sai ta shimfiɗa shaddar a cinyarta tana bi da yatsa, ƙanwarta na karanto mata sunayen. In na ce kin gane, sai ta ce, "Na gane, Baba."

Ranar gwajin ta faɗi ɗakunan zuciya huɗu ba gargada. Sai malamin ya ɗora yatsanta a kan wata jijiya, ya ce wane jini ke bi nan. Ta faɗa, ba daidai ba. Ya matsa gaba, ta sake kuskurewa. A ta uku ma haka. Malamin ya ninke shaddar ya miƙo mini, ya ce in yi haƙuri, an rufe maganar.

Tun daga ƙofar makaranta har gida faɗa nake mata. Na ce ta kunyata ni, na ce wasa ta yi da sati biyun. Har yau in na tuna kalaman nan raina ɓaci yake. Sai da muka shiga tsakar gida ta laluba ta kamo hannuna.

"Baba, rufe idonka."

Na rufe. Ta ɗora yatsana a kan ɗinkin.

"Wanne ne jan?"

Na bi, na sake bi. Zare iri ɗaya, kauri ɗaya, ɗinki ɗaya. Da na sa igiya a wani, ko na bar wani da kaushi, da shi ke nan. Na ce, "Me ya hana ki faɗa mini tun farko?"

Ta ce, "Na ji kowa yana cewa ya yi kyau, Baba. Sai na ɗauka ni ce ban iya taɓawa ba."