Ba-Asara a Bakin Tukunya

Duk layin, da sunan Ba-Asara aka san shi. Shekara ashirin da biyu yana kwance a ƙarƙashin motocin mutane, bai taɓa jefar da noti ko ɗaya ba. Garejinsa cike yake da gwangwanayen madara, wannan na kusoshi, wancan na wayoyin da suka ƙone rabi. Amma da ya shigo gida sai mulki ya motsa. In aka ajiye masa abincin da ya kwana, sai ya ɗaga murfi, ya shinshina, ya ce, "Ni fa cikina ba kwandon shara ba ne." Shi da bakinsa yake ba da labarin nan yanzu, kuma shi ke fara yi wa kansa dariya.

Sai aka yi wa surukarsa aiki a asibiti, dole uwar yaran ta je jinya na sati uku. A bakin ƙofa ta ce, "Maigida, in abin ya fi ƙarfinka ka kira ni, zan dawo." Ya san kuwa za ta aikata. Ko Auta ne ya yi mata ƙorafin yunwa a waya, za ta bar tsohuwa a gado ta kamo hanya. Ya bugi ƙirji ya ce ta zauna har Mama ta miƙe, girki ai ba injin mota ba ne.

Ranar farko ya buɗe firij ya tarar da ƙananan robobi goma sha ɗaya, wata da ɗan romo, wata da shinkafa cokali uku, wata da rabin albasa. Ya kwashe su kaf ya juye a bola, ya wanke firij tas, ya ja da baya yana yaba aikinsa. Daga nan aka shiga shagali, yau kaza, gobe nama, abin da ya saura a zubar. Kwana tara aljihu ya ɗauki ruwa, gareji kuma ko keke ba a kawo ba.

Babbar 'yarsa, mai shekara goma sha uku, ita ta tarar da shi tsaye gaban firij yana kallon haske.

"Baba, robobin nan da ka zubar fa su ne abincin sati guda."

"Wannan guntu-guntun?"

"Da su ne Umma take haɗa mana abinci."

Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta da wurin ɓuya. Girman kai dai rawanin tsiya ne. Ya cire hula, ya zama ɗalibin 'yar cikinsa. Ta nuna masa yadda shinkafar jiya ke komawa sabuwa in ta ji mai da albasa da ƙwai biyu. Busasshen burodi a tsoma a ƙwai a soya. Miyar da ta yi kaɗan a yanka mata dankali, a ƙara ruwa, a bar ta ta yi kauri. Ƙashi kuwa ba a rabuwa da shi sai ya ba da romo sau biyu. "Ashe faci ne!" in ji shi. "To ai nan ne fagena."

Nan kuma kai ya sake kumbura. Wata rana ya haɗa ragowar taliya da wake da kabeji a tukunya ɗaya, abin ya fito launin tsohon baƙin mai. Auta ya jujjuya cokali ya ce, "Baba, ya sunan wannan?"

"Sunansa ci-ka-yi-shiru."

Aka ci, aka yi shiru, ba wanda ya mutu. Duk lokacin da uwar ta kira, yara uku suka ce lafiya lau, Ba-Asara sai ya ji kamar ya tayar da motar da ta shekara a kwance. Har wa'azin tattali ya fara yi wa masu kawo gyara.

Ana gobe za ta dawo, ya ce bari ya gwada hannu. Ya auna daidai yadda 'yar ta ce uwarta ke aunawa, ya jera faranti biyar kamar tana nan. Ya zuba huɗu, ludayi ya daki ƙarfe. Ya karkata tukunya, ya kankare, ba abin da ya fito sai ɗan ƙanzo.

"Ke, ma'aunin nan da kuskure. Na mutum huɗu ne, mu kuwa biyar ne in tana nan."

"Haka yake, Baba. Umma ba ta zuba nata. Sai mun gama take haɗa abin da muka rage."

"Tun yaushe?"

Yarinyar ta ɗaga kafaɗa. "Tun da na yi wayo."

A nan dariyar Ba-Asara take tsayawa in yana ba da labari. Shekara goma sha biyar yana ƙoshi ya tashi daga tabarma, bai taɓa waiwayawa ya ga wa ke zama bayansa ba.

Washegari uwar yaran ta iso da la'asar, ta rame, idonta ya faɗa. Bai bari ta shiga kicin ba. Ya zuba faranti na farko, ya cika shi, ya ajiye a gabanta. Ta tura shi gefe tana murmushi.

"Ba wa yara, na ci a hanya."

Ya mayar da farantin gabanta, ya zauna ya harɗe ƙafa. "Ba komai, za mu jira. Yau ba mai ɗaukar cokali a gidan nan sai kin ajiye naki."