Kifin da Baba Ya Mayar Ruwa

Ni mai yawan mantuwa ne, amma ranar da na kai mahaifina kamun kifi a duwatsun Virginia tana nan daram a zuciyata, kuma ban ga abin da zai goge ta ba.

Baba masunci ne, a bakin kogin Yawuri ya tashi, a nan ya tsufa. Ya zo Amurka ne don bikin kammala digirina na biyu, ya zauna da mu a Upper Marlboro kusan wata biyu. Mutumin da a gida ake tambayarsa inda kifi ya kwana, sai ga shi yana tambayar matata yadda ake kunna murhu. Kullum yana bakin taga da carbi. Wata rana ya ce, "Ni fa a ƙasar nan ba ni da amfanin komai." Maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa da muka shirya hutu, na zaɓi gandun dajin Shenandoah, inda rafuka ke da wani ɗan kifin daji mai ɗigo-ɗigon ja da ake kira trout.

Halina ne, sai da na karanta dokokin wurin sau uku, na yanka mana lasisi, na sa takardun a leda. Amma akwai doka ɗaya da na ɓoye wa Baba: a rafin da za mu je, duk kifin da ka kama sai ka sake shi. Na rasa ta inda zan fara. A gidanmu, wanda Allah ya ba kifi ya jefar, ya raina arziki ke nan. Na ce watakila ma ba za mu kama komai ba, maganar ta mutu.

Da muka isa na miƙa masa ƙugiya mai ƙudan roba, domin an hana sa tana. Ya jujjuya ta ya ce, "Kifin nan ma ɗan boko ne?"

Ina ga na yi awa biyu ina jifa, ban samu ko motsi ba. Matata tana kan dutse da kwalbar yajinta tana tsokanata wai a dafa shinkafa kawai. Baba dai bai jefa ba, ruwan yake kallo. Can ya ce, "Kai, inuwarka ta riga ƙugiyarka isa. Durƙusa." Ya tattare babbar rigarsa, ya rarrafa kamar yaro, ya nuna bayan wani dutse inda ruwa ke juyawa. "Can yake kwance, yana jiran abinci ya zo masa." Jifa ɗaya ya yi. Sandar ƙugiyar ta lanƙwasa.

Kifin bai fi tsawon tafin hannu da rabi ba, amma fuskar Baba ta haskaka yadda ban gani ba tun zuwansa. Ya ce da matata, "'Yata, kawo yajin nan!"

Na duba hagu da dama, babu jami'in daji ko ɗaya. Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin yin shiru. Amma na san ba zan iya haɗiye loma ɗaya ba. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri. Laifina ne da ban faɗa muku ba. Dokar nan, mayar da shi ake yi."

Na jira faɗa, ko abin da ya fi faɗa ciwo, ya koma shirunsa na bakin taga.

"Wa ya hana?"

"Hukumar dajin. Wai kifin kaɗan ne, idan kowa ya ɗauka zai ƙare."

"Ashe suna da sarkin ruwa," in ji shi. "Shi ne ka tsaya kana rawar baki? Mu ma idan sarkin ruwa ya rufe gurbi, ko ɗansa bai isa ya jefa komar kamun kifi ba. Da me kake tsammani muka ci har muka biya maka makaranta?"

Ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiyar a hankali, ya riƙe kifin cikin ruwa yana fuskantar inda ruwan ke gangarowa har ya dawo hayyacinsa, ya yi bismilla ya buɗe tafinsa. Abin da na karanta a takarda ke nan daidai, shi kuwa ba wanda ya karanta masa. Wani Bature da ke kamu a ƙasa da mu ya matso yana tambaya a ina tsohon ya koya. Na ce masa, da ƙarfi fiye da yadda na saba magana, "Mahaifina ne. Sana'arsa ce." Ranar Baba ya kama huɗu, ni ɗaya, shi ma da nuninsa. Shinkafa da yaji muka ci.

Baba ya rasu bayan wasu shekaru. Har yanzu ni mai tsoro ne, ba na musu. Amma na koyi kada in yanke wa mutum hukuncin abin da zai fahimta kafin in faɗa masa gaskiya. Na ɗauka ina kare martabar mahaifina ne, ashe raina saninsa nake yi.