Ranar da Gwaggo Ta Ƙi Naɗe Tabarma

Gwaggona, ƙanwar babana, wanki da guga ne sana'arta, kuma ban taɓa ganin mace mai son rufin asiri irinta ba. Ko an wuni ba a ɗora tukunya a gidan ba, baƙo na yin sallama za ta ɗora ruwa a wuta don ya ga hayaƙi. Ni da nake ɗinki na sha ce mata ta kawo mayafinta in kama mata bakin da ya yage, sai ta harare ni ta ce, "Wa ya ce miki ya yage? Haka aka saƙa shi."

Mijinta, Baba Mai Walda, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana shaƙar hayaƙin ƙarfe, da girma ya zo sai ƙirjin ya ce ya gaji. In ciwon ya tashi, ba ya iya numfashi sai an sa masa robar iska a hanci. Wuri ɗaya ne ake sa masa ita ba tare da an nemi abin da ba mu da shi ba, wato tsohon asibitin gwamnati na bayan kasuwa. Babban asibiti yana can wani gari, kuma likita ya faɗa mana ƙiri-ƙiri cewa in numfashin ya sarƙe, Baba ba zai kai can da ransa ba.

Asibitin namu kuwa, Allah sarki! Rufin ɗakin maza yana yoyo, gadaje sun yi kaɗan, marasa lafiya har baranda a kan katifu. Tukunyar iska ɗaya mutum biyu ke karɓa-karɓa da ita. Sai dai akwai wata ɗabi'a da ke ba ni haushi. Duk ranar da kika ji warin fenti, to manyan baƙi na tafe. Za a shafe bangon gaba, a fito da fararen zannuwan gado, a kwashe na baranda a kai su wani tsohon sito kusa da janareta, mu masu jinya mu naɗe tabarminmu mu ɓace. Gwaggo ce kan gaba wajen naɗewa. Zannuwan ma ita ke goge su kyauta, tana cewa ba za a zo a ga tsiraicinmu ba.

Rannan muna gida, tana guga, rediyo ya ce gwamnati na shirin daina ba asibitin kuɗi, a rufe shi. Wai duk waɗanda aka tura a baya sun tarar da shi tsaf, marasa lafiya kaɗan, ba shi da wata buƙata. Za a turo kwamiti ya sake dubawa kafin a yanke hukunci. Ƙauri na ji. Gwaggo ta bar dutsen guga a kan rigar mutane har ta ƙone, abin da ba ta taɓa yi ba. Sannan ta ce, "Marasa lafiya kaɗan? Mu ne kaɗan ɗin?"

Ranar zuwan kwamitin ta same mu a baranda, Baba kwance a katifa. Shi da wani tsohon direba da ke gefensa ne ke raba tukunya ɗaya. Da safe babbar nas ta zo tana tafa hannu.

"Masu jinya, a naɗe tabarmi! Gwaggo, ke ce uwarsu, fara mana."

Wallahi ni har na naɗe tawa. Gwaggo ta miƙe ƙafafu, ta gyara zama.

"Yau ba inda za ni, 'yata."

Aka kira babban likita. Mutumin kirki ne, ya rame saboda asibitin nan. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Gwaggo, ki rufa mini asiri. In suka ga mutane a ƙasa, cewa za su yi mun kasa riƙe wurin, su rufe shi gobe."

"Ranka ya daɗe, ai rufin asirin ne ya kawo mu nan. Na goge, kun shimfiɗa, sun gani, sun tafi sun ce mun ƙoshi."

"In kuma ni ne da gaskiya fa?" in ji likita.

Ita ma ba ta da tabbas. Ta juya wajen mijinta. Baba mutum ne mai jin kansa, ko maƙwabta ba ya yarda su gan shi kwance.

"Malam," ta ce, "kai za a kalla. In ka ce a tashi, a tashi."

Baba ya yaye farin zanin da aka lulluɓa masa don baƙi, tsohuwar katifar ta fito da facinta. Ya ja numfashi da ƙyar ya ce, "Bar ni nan. In sun zo, su tsallake ni."

Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya. Na warware tabarmata na buga ta a ƙasa. Matar direban ta warware tata. Kafin motocin baƙin su tsaya, barandar ta cika maƙil, har waɗanda aka riga aka kai sito 'yan uwansu sun kinkimo su sun dawo da su. Likita ya dube mu, ya girgiza kai, ya tafi tarbar baƙinsa.

Wata mata mai tabarau ce ke jagorantar su. Ba hanya, dole ta tattare zaninta tana ƙetare ƙafafun mutane. Tana isowa wurinmu lokacin direba ya yi na karɓar iska. Ƙaramar nas ta tsaya riƙe da robar, ta rasa yadda za ta yi a gaban manya.

"Yi aikinki, 'yata," in ji Gwaggo. "Wancan ma mijin wata ne."

Aka cire wa Baba, aka sa wa direba. Ƙirjin Baba ya fara fito, irin fiton da mu muka saba ji. Su ba su taɓa ji ba. Suka yi cirko-cirko.

"Don me aka cire masa?" in ji matar.

"Guda ɗaya ce, ranki ya daɗe," Gwaggo ta ce, idonta cikin nata. "Ita ma ita kuka zo ɗaukewa."

Ba a rufe asibitin ba. Kada ki ɗauka an yi mana wani abin kirki: kuɗin shekara guda aka saki, aka ce in ta ƙare a sake dubawa, kuma har yau haka ake yi da mu. Amma an kawo tukwanen iska, an gyara rabin rufin. Likita ya sha faɗa daga sama, ya daɗe ba ya amsa gaisuwar Gwaggo. Ita kuwa ko a jikinta, kullum sai ta gaishe shi da ƙarfi.

Baba ya ƙara damina biyu. Ya rasu a kan gado a ɗakin maza, da robar iska a hancinsa wadda ba wanda ke jira a cire masa.

Gwaggo ta koma wankinta da gugarta, kuma har gobe ba ta yarda mayafin ya yage ba. Amma bana, da aka ce kwamiti na tafe, na raka ta. Tun daga ƙofa muka ji warin fenti. Ta wuce baranda da tabarma a hammata. Wata sabuwar nas da ba ta san ta ba ta tare ta.

"Mama, wa kike jinya?"

Gwaggo ta dubi mutanen da ke kwance a katifu tun daga wannan bango har wancan.

"Zaɓar mini ɗaya," ta ce. "Matsa in shimfiɗa."