Jirgin sha biyu da auren Milutin

Ƙanena Milutin ya yi shekara talatin da takwas yana aikin tashar jirgin ƙasa a garinmu, shi ke tsara lokutan shiga da fita. Da ya yi ritaya sai ya mayar da wannan ƙwaƙƙwafi kan taurari. Dama tun yana saurayi yake da wani littafi mai kauri, babu komai cikinsa sai lambobi, wanda ke nuna inda kowane tauraro yake a kowace rana. Ka ba shi ranar haihuwarka da sa'a da gari, ya zana da'ira da fensir, ya raba ta gida goma sha biyu, ya zuba taurari a ciki. Wannan gidan dukiya, wancan na lafiya, na bakwai na aure. Ba ya karɓar komai sai kofi. Mata suna zuwa da takardun jikokinsu, yana gaya musu abin da suka riga suka sani, suna tafiya da murna.

Bai taɓa aure ba. Na ɗauka tsoro ne kawai irin na maza, ban taɓa tambaya ba.

Maƙwabciyarsa Stamena mijinta ya rasu da daɗewa. Shekara goma sha ɗaya tana miƙo masa miyar wake ta saman shinge, shi kuma yana sassabe mata itatuwan lambu. Duk unguwa ta san inda maganar ta dosa, amma maganar ba ta isa ba. Da lokacin kaka ya shigo sai Stamena ta zo gidana ta zauna ba ta ko cire mayafi ba.

"Leposava, 'yata ta gyara min ɗaki a birnin Novi Sad. Ƙarshen wata za ta zo da mota. In ƙanenki yana da baki, ya buɗe shi kafin nan. Na gaji da dafa wa shinge abinci."

Washegari na same shi a tebur yana fiƙe fensir.

"Kai, tsohon banza, matar nan za ta tafi."

"Na sani, Yaya."

"To me kake jira? Ƙaho ya fito maka?"

Ya buɗe aljihun tebur ya zaro wata takarda da ta yi ja don tsufa. Tasa da'irar ce, ban taɓa ganinta ba. Ya ɗora yatsa a gida na bakwai.

"Kin ga wannan? Zuhal ne, zaune daram a gidan aure. Tauraron sanyi da nauyi. Duk matar da ta shigo gidana za ta bushe kamar busasshen barkono. Ba zan yi wa Stamena haka ba."

Ashe shekara arba'in ke nan yana zaman gwauro saboda ɗigon fensir. Na jawo takardar na duba abin da ya rubuta a sama: biyu ga Janairu, ƙarfe sha biyu na rana.

"Wa ya ce maka ranar nan aka haife ka?"

"Takardar haihuwata mana."

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. A zamaninmu ba a bikin ranar haihuwa, bikin waliyyin gida kawai ake yi, shi ya sa maganar ba ta taɓa tasowa ba. An haifi Milutin ranar Waliyyi Nikola, sha tara ga Disamba, gida cike da baƙi. Babanmu ya bari sai da sabuwar shekara ta kama sannan ya je ofis, don a lissafa yaron da 'yan shekara mai zuwa, ya sami ƙarin shekara guda kafin a kira shi soja. Rabin yaran Disamba na ƙauyenmu haka aka yi musu, kuma ba a faɗa, don laifi ne. Shi kuwa magatakardan, kowa sha biyun rana yake rubuta masa, ba ya tambaya.

Milutin ya yi fari fat. Mutumin da bai taɓa yafe wa jirgi minti biyu ba, ga shi da kuskuren sati biyu a ransa. Ya jawo littafin lambobin, ya yi ta lissafi ina shan kofinsa. Can ya ɗago.

"Yaya, da ƙarfe nawa?"

"Da rana. Ana cin abinci."

"Ba a zana sama da 'ana cin abinci'. Ƙarfe nawa?"

"An gama miya, ba a kawo kifi ba."

Ya dafe kai. Ya yi min bayani a hankali, kamar mai koya wa akuya karatu. A ranar nan, wajen tsakar rana, burujin taurarin da ke hudowa daga gabas yana canjawa cikin 'yan mintoci. In kafin sha biyu ya faɗo duniya, Zuhal ya zame zuwa gida na takwas. In an ɗan gota, ya koma gidan aure ya zauna.

"Gida na takwas na mene ne?"

"Na mutuwa."

"To madalla. Wannan kowa na da shi."

"Can ba laifi," in ji shi. "Zuhal jinkiri gare shi, ko mutuwar ma sai ta makara." Sai idonsa ya yi haske. "Jirgin sha biyu! Ana jin kukansa daga gidanmu in ya zo gada. Kin ji kukana kafin nasa, ko bayansa?"

Shekarata takwas a lokacin. Abin da na riƙe daga ranar nan shi ne an kore ni daga ɗaki, kuma kawu Obrad ya sha giya ya bugu ya zauna kan farantin kifi. Jirgi kam ban san ya wuce ba, ban san bai wuce ba.

Na leƙa taga. Stamena na tsakar gidanta tana naɗe labulaye tana jerawa a kwali.

"Kafin jirgi," na ce. "Kai ka fara tsala ihu, sannan jirgi ya amsa. Har inna ta ce ga ma'aikacin tasha ya iso."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe yana dubana. Milutin ba wawa ba ne, kuma ya san innarmu ba ta taɓa yin barkwanci ba a rayuwarta.

"Kin tabbata, Yaya?"

"Ni nake wurin ko kai?"

Ya ɗauki sabuwar takarda ya zana da'ira, ya sa Zuhal a gida na takwas, ya danna fensir sosai har bakinsa ya karye. Ya tashi ya sa kwat ɗinsa ta coci, ya nufi ƙofa, sai ya tsaya.

"Jirgin nan fa yakan makara lokacin sanyi."

"Fita, kafin in jefe ka da littafin nan."

Ya fita. Bai bi ta shinge ba, ya zagaya ta ƙofar gida kamar mutum.

Shekararsu tara da aure yanzu. Stamena ba ta bushe ba, ƙiba ma ta yi. Har yau yana zana wa mutane da'ira, sai dai kafin ya fiƙe fensir yakan tambaya ko akwai wata tsohuwa a gidan da ta ga haihuwar da idonta.