Amaka Mai Tsani da Kalmar Sirrina

Kafin rana ta gasa kwanon rufi, Uzoamaka, wadda muke kira Amaka, ta riga ta hau ta sauko. Wanda ya san zafin Yola ya san dalili: ƙarfe tara ta buga, kwano ba ya takuwa. Shi ya sa gari na wayewa za ka gan ta tana ɗaure tsaninta a saman keke napep, jakar wayoyi a kafaɗa, gorar kunun gyaɗa a hannu. Ta gyara eriya a wannan makaranta, ta ja waya a wancan asibiti, sannan ta koma shagonta na Jimeta ta zauna cikin matattun kwamfutoci tana tashinsu ɗaya bayan ɗaya. Shekara ashirin da biyu ke nan. Ƙarshen watan nan za ta jingine tsanin, gwiwa ta ce ta gaji.

Ni ce Hansai ta unguwar Gwadabawa, mai ba yara labari, wadda ake ce wa Dada, wato uwa da Fulatanci. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na yi shi. Kuma gara in faɗa tun yanzu kafin wani ya faɗa mini: kishin yarinyar nan nake ji. Shekara goma ina jin sa, bai ragu ba. A da, in aka rasa asalin wani ko aka manta wa ya haifi wa, gidana ake zuwa. Yanzu jikokina ma in waya ta yi musu gardama ba sa ko kallona, sai "bari mu je wurin Anti Amaka". Ita da aka haifa a gabana, a layin masu kayan gyaran mota, ubanta Jude yana sayen ƙosaina kullum safe!

Shekarar da Mubi ta faɗa hannun mutanen daji, jama'a suka kwararo Yola da ƙafa. Gidana kaɗai ya ɗauki mutum talatin da huɗu. Kowa na neman wani: uwa na neman ɗa, miji na neman mata. Na ce wannan ai aikina ne, kaina ba ya zubar da suna. Kwana biyar kan nawa ya cika ya tumbatsa.

Sai ga Amaka da tsofaffin kwamfutoci huɗu da wani ofis ya zubar. Na ce, "Waɗannan gawarwakin fa?"

Ta ce, "Dada, bai mutu ba, wahala ne ya sha."

Ta wanke cikinsu ta zuba musu wata manhaja wai ita Linux. Ɗaya ta ajiye a zaurena, ɗaya a wata majami'a a Jimeta, ɗaya a Yolde Pate, ɗaya a Bako. Ta hau rufi ta kafa eriya har suka riƙa magana da juna, amma ta ƙi haɗa su da intanet. In an rubuta sunan mutum a Bako, nan take in gan shi a zaurena. Na ji haushi ƙwarai, don abin ya yi kyau.

Da na ji manhajar kyauta ce, na samu abin faɗa. Na ce, "Sunayen bayin Allah za ki zuba a abin kyauta? Wanda kowa ke leƙa cikinsa?"

Ta ce, "Shi ya sa na zaɓe shi. Miyar da aka dafa a tsakar gida kowa yana gani, da wanda aka miƙo miki daga ɗaki a rufe, wanne za ki ba jikanki? Yadda aka gina abu ya zama a buɗe, Dada. Sirrin mutane shi ne ake rufewa."

Ni kuwa a juye nake yi. Har yau ba wanda ya san abin da nake sa wa yajina, amma labarin mutane ba ya kwana a cikina.

Doka ɗaya ta kafa, ita ce ta fi ƙona mini rai. Kwamfutar za ta nuna maka mutum yana raye, amma ba za ta nuna inda yake ba. Mai nema ya bar sunansa, a kai wa wanda ake nema, in ya yarda sannan a haɗa su. Inda kowa ya sauka yana cikin wata kwamfuta dabam a shagonta, wadda ba waya ko ɗaya a jikinta. Ko ni ba ta gaya mini ba. Ni da nake tuƙa tuwon mutum talatin da huɗu!

Ta ce in zaɓi kalmar sirri da ba wanda zai iya cinka. Na yi murmushi, don ina da ita tun tuni. Na sa ta juya baya, na danna da yatsa ɗaya.

Wata Alhamis bayan azahar wani mutum ya yi sallama. Kaftani fes, gaisuwa har ƙasa, da Fulatanci ma. Ya ce sunansa Usaid, yana neman yayarsa Adawiyya, ma'aikaciyar jinya. Na san ta, ta kwana uku a gidana ƙafafunta a kumbure kafin Amaka ta sama mata wani masauki. Na duba, na ce, "Tana raye, ɗana." Ya fashe da kuka. Ni ma na taya shi. Na zubo masa shinkafa da wake, na kira Amaka a waya.

"Ki faɗa mini inda take. Ga ƙaninta yana kuka a zaurena."

"Ya bar suna, Dada. Gobe zan kai mata."

"Ke ba ki da tausayi ne? Ni zan tsaya masa!"

"Abeg, Dada, ko Fadan majami'armu ne ya zo da kansa, sai gobe."

Na kashe wayar ina huci. Aka kira la'asar, na kulle kwamfutar yadda ta koya mini, na shiga ciki. Da na fito babu baƙo, shinkafarsa ko rabi bai ci ba.

Kafin magariba Amaka ta iso. Ashe kwamfutar tana rubuta duk wanda ya shiga da lokacin da ya shiga. Ta duba, ta ɗago kai.

"Ƙarfe huɗu saura takwas, ina kike?"

"Kan sallaya."

"To wani ya buɗe, kuma bugu ɗaya ya yi. Sau goma sha ɗaya ya nemi sunan Adawiyya. Me kika sa kalmar sirri?"

Na ce ba zan faɗa ba. Ba rowa ba ce, bakina ne ba zai iya ba. Mu a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ko a ɗaki ita kaɗai. Nan ma ba zan rubuta shi ba. Amaka ta dube ni, ta dafe kai.

"Dada. Ba dai sunan Babban Yaya ba?"

Na ce, "Sunan da shekara arba'in bai taɓa fita daga bakina ba! Akwai sirrin da ya fi wannan?"

Ta ce, "Bakinki ne kawai bai faɗa ba. Duk Gwadabawa da shi ake kiranki. Dada wane, Dada wane. Mutumin nan da me ya gaishe ki?"

Da shi ya gaishe ni. Sau uku.

Ba ta yi mini dariya ba, kuma wannan ma yana cikin abin da nake riƙe da ita da shi. Tambaya kawai ta yi: yaya kamanninsa? Nan dai kaina ya yi rana. Na ba ta shi tun daga hula har takalmi, har da hannunsa na hagu mai yatsa huɗu da wani dogon ɗinki a bayansa. Ba ta jira gobe ba, ta tari keke ta tafi.

Adawiyya ba ta da ƙane. Mutanen daji sun riƙe ta wata biyu tana yi wa masu rauninsu magani kafin ta gudo, kuma ta san fuskokinsu. Da ta ji zancen hannun, sai ta zauna a ƙasa ta ce, "Ni na ɗinke shi." A ranar aka sauya mata masauki, aka sanar da hukuma.

Na sha juya wannan rana a raina. Da inda take yana cikin kwamfutar zaurena, ya samu. Da yana cikin kaina, wallahi da hannuna zan kama shi in kai shi har ƙofar ɗakinta, ina yi masa nasiha a hanya.

Amaka, ke ce kika san halina kika rufa mini asiri da shi. Ke ce kika yarda in zage ki a waya, ba ki yarda ki ba ni abin da zan yi kuka da shi har kabari ba. Mai tsani, mai kunne ba baki. Shekara goma ba ki taɓa ba kowa labarin nan ba, sai yau da ni na tona kaina. Na tambayi Magdalena, wadda ta riƙe kwamfutar majami'a, ta ce iyalai sun fi ɗari uku da suka haɗu ta wayoyin nan naki. Ba a ba ki lambar yabo ba, ba a kira ki a rediyo ba. Ni an kira ni sau biyu, a kan labarin kura.

Adawiyya tana nan a Bako tana karɓar haihuwa. Ta haifi 'ya mace, sunan yanka Yusrah, amma kowa Amaka yake kiranta. Ni da na gasa wa uwarta ƙafa da ruwan zafi kwana uku, ko a laƙabi ban fito ba. Na je suna, na ci, na yi addu'a, na dawo ina ƙunƙuni.

Ku matasa masu gyaran waya da jan intanet, da ku 'yan matan da ta koya wa aiki za ta bar muku shago: wayar da aka miƙo muku da hotunan mutane a ciki, amana ce. Ku nuna wa kowa yadda kuke aiki, ku rufe abin da kuka gani. In tsohuwa irina ta yi muku tsawa ku buɗe, ku ce mata sai gobe. Ku kuma iyaye, ku cire sunayen 'ya'yanku daga wayoyinku, duk unguwa ta san su.

Na gode, 'yar Jude. Allah ya huta gwiwar nan, ya sa ki gama lafiya. Sabuwar kalmar da kika sa na zaɓa a ranar, har yau da ita nake buɗe wayata. Jikokina sun roƙa, Babban Yayanku ma ya roƙa. Kullum tana yi mini ƙaiƙayi a harshe. Shekara goma ke nan, Amaka, kuma ko ke ba ki san ta ba.