Malam Karanta-Min, Yaranka Sun Karanta

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, ƙaninka ya kira makaranta ya shaida mana Allah Ya karɓi ranka, bayan doguwar jinyar ƙoda. Na daɗe tsaye a ƙofar ɗakin kwamfutar da ka raya, kafin na shiga na faɗa wa yara.

Kai ne ka ɗora wa tsofaffin kwamfutocinmu manhajar Linux bayan kowa ya fid da rai da su, suka miƙe suka ci gaba da aiki. Ajin da nake koyar da lissafi yana jikin ɗakinka, don haka ta bango na san yadda kake koyarwa. Yaro zai rugo yana cewa, “Malam, ta ƙi!” Sai ka goya hannuwanka a baya ka ce, “Ta ƙi me? Karanta min abin da ta rubuta.” Ya karanta Turancin yana in'ina, ka ce, “To, yanzu faɗa min da Hausa.” Sau da yawa kafin ya kai ƙarshe ya gano matsalar da kansa. A nan suka laƙaba maka Malam Karanta-Min, kana sane, kana amsawa.

Ga kuma ɓarnarka ta ranar Alhamis. Ka riga kowa zuwa, ka kifar da hoton allon wannan, ka kashe sautin waccan, ka canza madannan wata har ɓ da ƙ su ɓace, sannan ka zauna kana shan shayi kana kallon yara suna faman gyarawa. Na taɓa ce maka wannan ai mugunta ce. Ka yi dariya ka ce, “Malama, gara su sha wuyar ina raye.” Ban ɗauki maganar da nauyi ba a lokacin.

Ba a jima da binne ka ba, babbar kwamfutar da ke ɗauke da ayyukan jarrabawar 'yan ajin ƙarshe ta ƙi buɗewa. A sa kalmar sirri, allo ya ƙifta, ya sake neman kalmar sirri. Tun kwanciyarka asibiti ba wanda ya kwafe ayyukan zuwa wani wuri. Mai gyaran da aka kira ta waya ya ce mafi sauƙi a goge komai a sake ɗorawa. Wahalar yaran nan ta shekara guda ke nan za ta tafi, ga masu tantance jarrabawar suna tafe.

Yarinyar nan da kake kira Sarkin Tambaya ce ta ɗaga hannu. “Malama, a bari mu karanta tukuna.” Ta buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ta shiga ta can, ta karanta saƙon da ƙarfi. Wani daga bayanta ya goya hannu, ya kwaikwayi muryarka: “Faɗa min da Hausa.” Aji ya fashe da dariya, wasu na share hawaye. Ta ce, “Cewa take cikinta ya cika, ba ta da wurin ajiye ko harafi ɗaya.”

Suka bi suka gano abin da ya cinye ma'ajiyar: tsofaffin manhajojin da aka sauke aka bari, da rahotannin da na'urar ke tara wa kanta. Sai da suka yi gardama mai tsawo kafin su share, domin ka hana su goge abin da ba su san sunansa ba. Aka kashe, aka kunna. Allo ya dawo, ayyukan kowa na nan daram. Nan take suka kwafe su. Ni kuwa kujerarka na samu na zauna.

Da na koma gaisuwa na ba mai ɗakinka labari. Ta ce a kwanakinka na ƙarshe babu abin da kake yawan tambaya kamar wa zai riƙe wa yara ɗakin kwamfutar nan. Ka huta, Malam. Sun riƙe. Har sun tambaye ni wa zai riƙa yi musu ɓarnar Alhamis.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ilmin da ka bari ya riƙa isar maka da lada. Ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da mahaifiyarka, da ƙannenka, Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.